Uban Makaranta

Mai walda ya iso gida ranar Lahadi da la'asar, bayan shekara uku da wata huɗu. Hutun kwana shida kamfanin gine-ginen da yake wa aiki ya ba shi, biyu daga ciki hanya za ta cinye. Matarsa, wadda ke wanki da guga a wani asibiti a can birnin da suke zaune, ko rabin yini ba ta samu ba. Ta dai cika masa jaka da tsaraba, ta cika masa kunne da saƙo.

Tun a mota yake shirya yadda zai ji idan ya ga ƙofar gidansu. Ya zo ya tsaya a gabanta bai ji komai ba. Ƙofar ce dai, wadda shi da hannunsa ya ƙera kafin ya tafi, fenti ya koɗe, gefe ɗaya ya saki an ɗaure da waya. Abin da ya fara zuwa ransa shi ne aikin minti goma ne, da akwai inji a kusa.

Inna, mahaifiyarsa, ita ta yi kukan duka gidan. Ta shafa fuskarsa, ta ce ya rame, ta ce ya yi baƙi, ta ce wai a can ba sa cin abinci ne. Tana cikin haka ɗansa ya fito daga ɗaki. Gajere suke ce masa, don lokacin da uban ya tafi da kyar yake kai hannu kan tagar ɗaki. Yanzu sai da ya sunkuya kafin ya fito, murya ta fashe, gashin baki ya fara tsirowa. Ya yi wa ubansa sannu da zuwa, ya tambayi hanya, ya tambayi aiki, ya karɓi jaka ya kai ɗaki, ya dawo ya jingina da bango. Gaisuwa ce cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙon da ya zo wurin wani.

Shekara uku suna magana a waya duk mako, kuma tambaya biyu ce ke riƙe da su: kana karatu, kana jin maganar Kaka. Amsar ma biyu ce, ina yi, ina ji. Yau da babu waya a tsakani, mai walda ya yi tambayoyin nan biyu a minti na farko, aka ba shi amsoshinsa, shi ke nan kaya suka ƙare. Suka zauna suna kallon kaji.

Ƙauyen gaba ɗaya haka ya koma. Duk mai ƙarfin ɗaga buhu ya tafi ɗaga na wani a wani wuri, an bar tsofaffi da yara suna kallon juna, waɗannan ƙafa ta gaza, waɗancan kunne ya toshe. Inna ta ce yaron ba shi da mugunta, amma tun tafiyar uwarsa ya daina magana. A tsaye yake cin abinci. Sai ya yi kwana uku ba ka ji bakinsa ba, rana ta huɗu kuma abu kaɗan ya sa ya yi jifa da kwano. A gabansa take faɗa, shi kuwa ko a jikinsa.

Wajen neman inda zai sa cajin waya ne mai walda ya ga takardar, a ninke ƙarƙashin rediyo. Daga makaranta take. Yaron ya naushi ɗan ajinsu ya fasa masa baki, an kore shi na mako guda. An ce ya zo ranar Litinin, wato gobe, ƙarfe tara tare da uban da ya haife shi, an ma ja layi biyu a ƙarƙashin wannan. In ba haka ba, sunansa ba zai shiga cikin masu jarrabawar ƙarshen aji uku ba, kuma a makon nan za a rufe karɓar suna.

Abin kunya ne a faɗa, amma mai walda daɗi ya ji. Tun saukarsa yake yawo a gidan kamar wanda ya zo karɓar saƙo, sai ga aiki ya samu, aikin da shi kaɗai zai iya. Inna ta hau kwana-kwana, ta ce ya huta, ya sha hanya, ai mai facin taya na bakin kasuwa zai je, shi ya saba zuwa. Ya ce Allah ya saka wa mai faci da alheri, zai je har rumfarsa ya yi godiya, amma yanzu mai abu ya zo. Inna ta buɗe baki, ta dubi jikanta, ta mayar ta rufe. Ita irin mutanen nan ce da in magana ta yi nauyi sai su ajiye ta zuwa gobe.

"Ba sai ka je ba," in ji yaron. Shi ne karo na farko da ya fara magana da kansa.

"Tsoron me kake ji? Ba zan dake ka a gaban mutane ba."

Yaron ya dube shi, duban da ba fushi ba tsoro, ya ce to. Mai walda ya ɗauko sabuwar rigarsa daga jaka ya sa aka goge.

Da safe ya tarar yaron ya riga ya fita tun kafin rana ta fito. Inna ta biyo shi har ƙofa tana cewa ya tsaya ya ji wata magana, amma mai babur ɗin da ya kira yana ta matsa ƙaho, ya ce mata in ya dawo. Makarantar tana babban garin da ke gaba, tafiyar kilomita bakwai, kuma bai taɓa taka cikinta ba, don bayan tafiyarsa aka sa yaron. Dogayen azuzuwa uku ne da fili, da tsohon ƙarfen taya rataye a bishiya a madadin ƙararrawa. A barandar ofishin hedimasta akwai benci, a kan bencin akwai masinja, dattijo mai haƙori huɗu da labarin kowa.

Masinja ya tambaye shi wurin wa ya zo. Ya ce kan maganar ɗan aji uku ne, wanda ya yi faɗa.

"Ɗan mai faci? Ai babansa ya riga ka, suna ciki. Zauna."

Mai walda ya zauna. Ya so ya ce an yi kuskure, amma masinja ba ya barin rata tsakanin magana da magana. Ya ce tun zuwan hedimastan nan, wanda baƙo ne a yankin, ya kafa doka: ba kaka, don kaka kuka kawai ta iya da roƙo, ba kawu, ba maƙwabci, uwa ko uba, a tsaye a gabansa. Ranar shiga makaranta haka, ranar karɓar sakamako haka, ranar laifi balle. To ina iyayen suke? Sai yara suka nemo wa kansu dabara. Ya rage murya ya ce uban makaranta suke kiran abin: a samo wanzami, ko mai shayi, ko wani mai zaman banza, a sa masa riga mai kyau ya zo ya tsaya a yi masa faɗa ya sa hannu. Zangon da ya wuce an kama biyu, ranar aka sallame su, ko littattafansu sai aika musu aka yi. Wannan faɗan ma tushensa ke nan. Wancan yaron ne ya miƙe a aji ya ce mai faci uban makaranta ne, shi kuwa wannan ya ba shi amsa a baki. Yau hedimasta zai tantance, in ta tabbata, ba maganar jarrabawa ba ce kuma, tafiya ce gaba ɗaya.

Shi dai masinja ya ce bai yarda ba. Na aro ba ya zuwa yadda mutumin nan ke zuwa. Shekara uku ko taro ɗaya bai yi fashi ba, da ɗingishinsa da komai. Shi ne ma ya gano yaron ba ya ganin allo da ido ɗaya, ya zo ya tsaya kai da fata sai da aka dawo da shi layin gaba. Ya tambayi mai walda ko na aro zai yi haka.

Mai walda ya ce ba zai yi ba. Bai san da maganar ido ba. Ya zauna yana kallon ƙarafan tagar ofis, yana lura da yadda wanda ya yi aikin ya yi ha'inci, ɗigo-ɗigo kawai ya sa, ƙafa ɗaya za ta ɓalle su. Ya san abin da ya kamata shi ne ya tashi ya fita tun ba wanda ya gan shi. Ƙafafunsa ne ba su samu labarin ba. Yana nan zaune ƙofa ta buɗe, hedimasta ya leƙo yana neman a kawo masa rajista, masinja kuwa don iyayi ya ce ga wani ma kan maganar ya zo. Hedimasta ya ce ya shigo.

Ofis ne ƙarami, tebur ya cinye rabinsa, fayil-fayil a ƙasa jingine da bango, fanka a sama ba ta juyawa. Mai faci yana kan kujera cikin wankakkiyar riga, hannuwansa a kan gwiwa, baƙin roba a ƙarƙashin farce wanda sabulu ya gaji ya bari. Sun san juna tun suna yara. Ya girmi mai walda da shekara huɗu, kuma gajeruwar ƙafarsa ce ta hana shi bin ayari, ya zauna yana liƙe tayoyin waɗanda suka rage. Da suka haɗa ido sai mai faci ya kawar da kai. Yaron yana tsaye a gefe, hannu a baya. Ya kalli ubansa sau ɗaya, ya mayar da ido kan kalandar bango, bai roƙa ba, bai yi alama ba. Fuskar wanda ya riga ya gama kwashe littattafansa ce.

"Malam, kai ne wa a wurin yaron nan?" in ji hedimasta. Kafin a amsa ya dubi wannan ya dubi wancan, ya ƙara da cewa, "Ko ba ka faɗa ba jini ya nuna. Goshin nan ɗaya ne."

Katin aikin mai walda na cikin aljihunsa, da sunansa da hotonsa. A wayarsa akwai hoton yaron yana ɗan wata bakwai a kan cinyarsa. Ba abin da ya fi sauƙi kamar ya faɗa. Ya ji muryarsa ta fito daidai, kamar yana ba da awon ƙarfe.

"Ƙanin babansa ne. Jiya na zo daga wurin aiki."

Hedimasta ya buga tebur da tafin hannu ya ce Allah ne ya kawo shi. Ya ce shi kansa abin ya dame shi, don yaron bai ɗauko komai na mai faci ba, ashe gidan baffa ya yi. Yanzu ga ɗan'uwa na jini, wanda bai san da zancen ba balle a ce an shirya shi. Ya nuna mai faci da biro.

"Tsakaninka da Allah. Wannan mutumin wane ne a wurin yaron?"

"Ubansa ne."

"Ba wannan na tambaya ba, kowane babba uba ne. Shi ya haife shi?"

Mai faci ya yi ƙasa da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji. A waje wani aji na maimaita lissafi da ƙarfi.

"Shi ya haife shi," in ji mai walda.

Daga nan komai ya tafi da sauri. Hedimasta ya ce wancan yaron zai gane kurensa, amma wannan ma ba zai tafi haka ba, zai ba da haƙuri a gaban aji, ya yi sharar fili mako biyu. Ya ce wa mai faci ya ja masa kunne. Mai faci ya miƙe da kyar, ya miƙa hannu, yaron kuwa tun kafin hannun ya iso ya karkato da kansa ya ba shi kunnen. Sun saba. Mai faci ya ja, ya faɗi abin da ake faɗa, muryarsa na karyewa, hedimasta ya ɗauka takaicin uba ne ya ce ya isa haka.

Sai ya zaro takardar jarrabawa daga fayil. Ya ce tunda an yi zargi, yana so baffa ya sa hannu a matsayin shaida, don kada gobe wani ya sake tayar da maganar. Ya juyo da takardar. Mai walda ya ga hoton yaron a kusurwa, ya ga sunansa da manyan baƙaƙe, ya ga sunan da ke biye da shi. Ba nasa ba ne. Ranar da aka kawo yaron, magatakarda ya tambayi mutumin da ke tsaye sunansa ya rubuta, haka ya shiga rajista, haka zai fito a takardar shaidar gama makaranta, haka zai bi shi duk inda zai nemi aiki. Mai faci ya sa hannu a layin uba, a hankali, harafi ɗaya-ɗaya. Mai walda ya karɓi biron da ɗuminsa ya sa nasa a layin ƙasa.

Hedimasta mutum ne da in ya ci nasara sai ya yi wa'azi. Ya jingina ya ce mutane na cewa dokarsa ta yi tsauri, amma shi ya san abin da yake gani. Rabin yaran makarantar nan iyayensu murya ce a waya. A aiko da takalmi, a aiko da jaka, a ɗauka an yi tarbiyya. Yara na barci a aji, suna faɗa, suna zuwa da yunwa ba don babu ba sai don ba mai tashinsu. Ya ce da za a samu iyaye goma irin mai faci da ya huta. Sannan ya juyo wurin mai walda.

"Kai fa, kana da yara?"

"Ɗaya."

"Yana tare da kai a can?"

"Yana wurin kakarsa."

"Ka ji ko. To ka yi koyi da yayanka, tun wuri."

Mai walda ya ce in Allah ya yarda. Har godiya ya yi.

A baranda masinja ya tare su da murna, yana cewa ai shi dama ya faɗa. Yaron ya ɗauki jakarsa daga ƙarƙashin benci. Ya ce wa mai faci, "Sai na taso, Baba." Ya juyo wurin ɗayan, ya tsaya kamar mai neman wani abu a aljihu, masinja na kallonsu yana washe haƙoransa huɗu. "Sai an jima, Baffa," ya ce, ya nufi aji. Bai waiwayo ba, kuma tafiyar tasa ba ta wanda aka sauke wa kaya ba ce, tafiya ce kawai.

Sai da suka fita ƙofar makaranta, suka wuce mai sayar da alawa, sannan mai faci ya sami baki. Ya jingina kekensa da katanga ya hau rantsuwa. Ya ce wallahi rana ɗaya aka ce. Sau uku ana maido yaron daga ƙofar nan, Inna ta zo rumfarsa tana hawaye, ta ce ya taimaka ya tsaya na yini ɗaya, kada a tayar wa na nesa da hankali su bar aiki. Daga rana ɗaya sai sakamako, daga sakamako sai taro, ya rasa inda zai tsaya ya ce ya isa. Yau da asuba yaron ya gaya masa uban ya zo, suka yi shawarar su yi sammako su gama kafin ya iso. Ya ce sunan ma ana iya gyarawa, ya ji ana zuwa kotu a yi takarda, bayan jarrabawa, in komai ya lafa. Ya ce a yafe masa.

Mai walda ya saurara har ƙarshe. Ya nemi fushi a cikinsa, da gaske ya nema, don ya ga kamar shi ya dace. Bai samu ba. Ciki fayau, kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

"Wane idon ne?" ya tambaya.

"Na hagu. Likita ya ce tabarau zai gyara. Akwai shi ma, ba ya son sawa, wai ana yi masa dariya. In ka yi masa magana wataƙila ya ji."

"Kai dai ka yi masa."

Mai faci ya ce ya hau keke ya kai shi, mai walda ya ce a'a, yana so ya taka. Mai faci ya tambaya ko zai samu zuwa ranar da za a ba su takardar gamawa, nan da wata uku, hedimasta zai so ya ga baffa. Ya ce ba hutu kuma sai baɗi. Suka yi musabaha, mai faci ya hau kekensa ya tafi yana waige.

Hanyar doguwa ce, rana ta ɗaga, gonaki hagu da dama rabinsu ba a nome ba. Sabuwar rigar ta manne masa a baya. Ya yi kamar kilomita biyu wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, ta samu ɗan sarari ta laɓe a bayan ɗakin wanki, yana jin injina na juyi. Inna ta gaya mata da safe cewa ya tafi makaranta kan wata rigima, tun lokacin hankalinta ba a kwance ba. Ta tambaya ko an kore shi. Ya ce a'a, an gama, zai yi jarrabawa, sunansa ya shiga. Ta sauke ajiyar zuciya mai tsawo, ta ce Allah ne ya sa ya zo a daidai, da ba ya nan da yaya za a yi. Ya ce haka ne.

"Malaman fa, me suka ce?"

"Sun ce ubansa na ƙoƙari."

Ta yi dariya, irin wadda ya daɗe bai ji daga bakinta ba. "Ai dole su faɗa. Wa ya kai ka shan wahala a kansa?" Wani ya kira ta daga ciki, ta ce ana nemanta, ya gaida mata yaron, ya ce masa ta ji daɗi.

Ya ce zai gaya masa. Ya mayar da wayar aljihu ya ci gaba da tafiya.